Tukuicin Nagoda Kafinta

Mu jikokin Ɗantsoho an san mu da abu biyu a ƙasar Zazzau, dogon wuya da taurin kai. Wuya dai kowa ya samu daidai rabonsa. Amma ranar rabon taurin kai, mu da ludayi muka je, Nagoda kafinta ya je da masaki. Ɗan gwaggona ne, taubashina, don haka duk abin da zan faɗa a kansa babu alƙalin da zai karɓi ƙararsa.

Daga ƙauye ya zo Tudun Wada bayan an gama yaƙin Turawa, da guduma ɗaya, zarto ɗaya, da matarsa Saratu. Suka kama ɗaki biyu a gidan wata tsohuwa Musulma, Inna Ishatu mai ƙosai, ya kafa rumfa a layin kafintoci. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Kujerar da Nagoda ya haɗa sai dai mai ita ya mutu ya bar ta, 'ya'ya su yi faɗa a kanta.

Amma ba sana'a ce ta fito da sunansa ba, tukuici ne. Nagoda bai yarda alheri ya shigo hannunsa ya kwana ba. In ka ba shi goro ɗaya da safe, kafin la'asar za ka tarar da kujera 'yar tsugunne a ƙofar ɗakinka. In ka yi masa sannu da aiki sau biyu a rana, sai ya biyo ka da muciya. Kazar maƙwabta ta taɓa yin ƙwai a cikin dusar katakonsa, ya auna mata dawa cikin tiya, ya raka ta har gida. Sai da ta kai mutanen unguwa na tsoron yi masa alheri, don ɗakunansu sun cika da kujeru, ba wurin shimfiɗa tabarma.

In aka ce masa, "Haba Nagoda, ai yaba kyauta tukuici," sai ya miƙe wuyan nan namu ya ce, "Marowaci ne ya ƙago wannan karin magana. Kyautar da ba tukuici ƙanwar bara ce, ni kuwa ubana bai haifi maroƙi ba."

Saratu tun a ƙauye take bin Almasihu, an yi mata baftisma tun tana budurwa. Ita ta ja shi zuwa wata 'yar majami'a ta jinka da ke bayan layin kafintoci, inda leburorin reluwe da kukun Turawa da 'yan ƙauye irinmu ke taruwa ran Lahadi a yi sujada da Hausa. Mai kula da wurin katikis ne, wato mai koyar da masu neman baftisma, Malam Kailani, tsoho siriri mai haƙurin damo. Nagoda ya ji wa'azi, ya shiga zuciyarsa, ba da wasa ba. Ya shiga ajin masu neman baftisma. Cikin wata uku ya haddace duk abin da ake haddacewa, har yana gyara wa na kusa da shi.

Ana saura mako biyu babban fasto ya hawo kekensa daga Wusasa ya yi baftismar Ista, sai Malam Kailani ya yi musu darasi na ƙarshe. Ya ce Allah ya ƙaunaci mutane tun ba su san shi ba, ya aiko da Ɗansa ya mutu dominsu, kuma wannan ceto kyauta ne, ba a saye, ba a biya.

Nagoda ya ɗaga hannu.

"Malam, kyauta ka ce?"

"Kyauta, Nagoda."

"Ɗa guda, ba shi da wani, ya bayar?"

"Haka yake."

"To me ake kaiwa tukuici?"

Malam Kailani ya yi murmushi ya ce, "Ba a kai komai. Hannu kawai za ka buɗe."

Nagoda ya dubi hannunsa, ya dubi Malam, ya ce, "Malam, a ɗaga mini zuwa baɗi. Mutumin da ya ba ni goro na ba shi kujera. Wanda ya ba ni Ɗansa zan je masa hannu na dukan cinya? A ce ɗan wa?"

Wannan baɗin ita ce ta haifi baɗi har shida. Shekarar farko ya yi wa majami'a benci goma sha biyu. Da Ista ta matso ya tsaya ya dube su, ya ce a ransa, Ɗan Allah da benci? Ya ce a ɗaga. Shekara ta biyu ya yi mumbarin wa'azi mai matakala uku, wanda in Malam Kailani ya hau sai kansa ya taɓa jinka. Ya ce a ɗaga. Ya yi tagogi, ya yi teburin Jibin Ubangiji, ya yi akwatin baiko har da kwado. Kowace shekara Malam Kailani na cewa, "Mun gode, Allah ya sa albarka, amma ba kuɗin ruwan baftisma ba ne wannan." Kowace shekara Nagoda na cewa, "Na sani, Malam, shi ya sa na ce bai kai ba."

Waɗanda suka shiga aji tare da shi suka yi baftisma, suka yi aure, aka yi wa 'ya'yansu baftisma, shi yana aji. Har sababbin shiga kan ɗauka mataimakin Malam ne. Ranar da ake Jibin Ubangiji, wanda sai masu baftisma ke ci, Saratu kan tashi ta je gaba ita kaɗai, ta durƙusa a gaban teburin da mijinta ya sassaƙa, shi yana benci na ƙarshe yana duban gwiwoyinsa. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Sai dai in sun dawo gida ta ɗora tukunya ba ta ce uffan ba, wannan shirun kuwa ya fi masa zagi ciwo.

A shekara ta huɗu ya yi ƙofa, kuma a kan ƙofar nan ya samo abokin gaba. Tsallaken hanya, daura da majami'a, akwai kantin wani Inyamuri, Ogbonna, mai sayar da ƙusa da fata-fatan ƙofa da kwado. Gajere ne, kakkaura, ɗan Katolika, Hausarsa ba ta san mace ba ta san namiji. Nagoda ya sayi ƙusa a wurinsa. Itacen ƙofar kirya ne, ita kuwa kirya ko yaron kafinta na jiya ya san sai an huda ta kafin a buga ƙusa. Nagoda na sauri, ga mutane na kallo, sai ya hau bugu kai tsaye. Ƙusa ta farko ta lanƙwashe. Ta biyu ta lanƙwashe. Ta bakwai ta yi sujada. Aka fara dariya.

Jikan Ɗantsoho ba ya kuskure a gaban jama'a, wannan doka ce a gidanmu. Nagoda ya kwashi lanƙwasassun ƙusoshi a tafin hannu, ya tsallaka hanya, ya watsa su a kan teburin Ogbonna, ya ɗaga murya yadda na unguwar Kongo ma za su ji.

"Jama'a ku zo ku ga! Mun ce a ba mu ƙusar ƙarfe, an ba mu ƙusar kara! Sannu Mai Ƙusar Kara!"

Sunan ya kama Ogbonna kamar ƙaya a gashin tunkiya. Kafintoci suka ɗauka, magina suka ɗauka, mata masu tallan fura suka ɗauka. Mutane suka riƙa tsallake rafin Kubanni zuwa Sabon Gari sayen ƙusa, ga kanti a ƙofar gidansu. Ogbonna ya yi rantsuwa, ya yi bayani, ya buga ƙusa a gaban mutane, a banza. Shekara uku ba gaisuwa tsakaninsu. In Nagoda zai shiga majami'a sai ya karkatar da wuya ya dubi gabas, shi kuwa wuyan da tsawo, ana hango karkatarsa tun daga bakin kasuwa.

Da shekarar 1955 ta kama, Malam Kailani ya kira Nagoda gefe bayan sujada.

"Ɗana, idona ya fara gajiya. Bayan Istar nan zan koma ƙauyenmu. Sunanka na farko a takardata tun shekara bakwai, na sake rubuta shi har tawada ta huda takarda. Wanda zai gaje ni ba zai san ka ba, ba kuma zai yi maka haƙurina ba. In ban ga ruwa a kanka bana ba, ba zan gani ba ke nan."

Maganar ta taɓa Nagoda, don yana son tsohon nan kamar ubansa. Ya ce, "Malam, bana kam an gama. Na samo abin da ya kai."

Abin da ya samo shi ne rufi. Ikilisiya ta daɗe tana tara baiko har ta sayi kwano, ana neman mai bugawa. Nagoda ya ce shi zai cire jinka, ya yi katakon sama, ya buga kwano, shi kaɗai, ba ya son ko mai miƙo masa ƙusa, kada ladan ya rabu biyu. A lissafinsa, wanda ya yi wa Allah inuwa ya isa ya tsaya a gabansa ba kunya. Ƙusar ma sai da ya taka har Sabon Gari ya sayo.

Ya yi mako uku a sama. Ya rufe gefe ɗaya tas, ya fara ɗaya gefen. Ran wata Talata da hantsi, yana tsaye a ƙoli, sai ya ja da baya don ya ga kyan aikinsa. Ya manta a kan rufi ba a ja da baya.

Masu gani sun ce ya daɗe a iska har ya yi addu'ar da aka koya musu a aji daga farko zuwa amin. Ni ban yarda ba, na fi zaton rabi ya yi. Ya dai faɗo a kan tarin jinkar da ya cire, ita ta ceci ransa, amma ƙafar dama ta karye a ƙauri, ƙarar kamar an taka busasshen kara.

Mutane suka taru suna salati, kowa na ba da shawara, ba mai taɓa shi. Sai ga Ogbonna ya ratsa taro, ya bar kantinsa a buɗe. Bai tambayi kowa ba. Ya ɓalle katako biyu ya ɗaure ƙafar da ɗamararsa, ya durƙusa, ya ja Nagoda ya goya shi.

"Sauke ni!" in ji Nagoda. "Na ce ka sauke ni! Jama'a, wani ya ɗauke ni ban da wannan!"

"Nagoda, rufe baki," in ji Ogbonna. "Ƙafa ne ya karye, baki bai karye ba."

Haka aka ratsa Tudun Wada da tsakar rana, gajeren Inyamuri ya goya dogon Bahaushe mai gemu, lafiyayyar ƙafa na jan ƙasa tana zana layi, wuya na lilo a sama kamar na raƙumi. Mata suka leƙo ta katanga. Mai nama ya bar wuƙa. Har gidan maɗori a cikin birni Ogbonna bai sauke shi ba, ya kuma riƙe masa kafaɗu aka ja ƙashin, Nagoda na kiran gwaggona da sunanta na yanka, ita da ta shekara goma a ƙasa.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Maɗori ya ce kwana arba'in ba taka ƙasa. Saratu ba ta iya ɗaga shi, ƙato ne. To wa zai fitar da shi ya sha iska, wa zai kai shi bayan gida? Kowace safiya kafin ya buɗe kanti, da kowace la'asar in ya rufe, sai ga Ogbonna ya yi sallama da karyayyar Hausarsa, ya durƙusa, ya juya baya. Matarsa Agatha kuma ta riƙa aiko shi da sakwara da miyar agushi, wai tana ɗora ƙashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nagoda ya hau bayan nan sau biyu a rana yana cizon leɓe.

Jiki na warkewa, zuciya na ruɓewa. Ana saura mako biyu Ista, Malam Kailani ya zo dubiya, Nagoda ya juya fuska ga bango.

"Malam, soke sunana."

"Don me?"

"Ai ka gani da idonka. Na kai tukuici, an jefo ni da shi. Mai kyauta ya ce bai so. Yanzu ga ni kwance, ko muciya ba na iya sassaƙawa, rufi rabi, abinci na wani, bayan da nake hawa na wani. Da me zan zo?"

"Da kanka za ka zo."

"Kaina ɗin me ya tsinana?"

Malam Kailani ya yi magana har bakinsa ya bushe, ya yi addu'a, ya tafi yana share ido da bakin rigarsa. Bai soke sunan ba, amma Saratu da ke bakin murhu ta san an kai ƙarshe. Ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Duk wannan a kunnen Inna Ishatu aka yi, tana tsakar gida tana wanke waken ƙosai. Da ma ba abin da ake faɗa a gidan nan da ba ya bi ta kunnenta, haƙƙin mai gida ne. Ta tsame hannu, ta jawo kujera, ɗaya daga cikin tara da Nagoda ya ba ta, ta zauna kusa da tabarmarsa.

"Kai ɗan nan. Ni ban san addininku ba, ba kuma zan sa baki a ciki ba. Amma tukuici na san shi tun uwarka ba ta yi haƙori ba. Shekara bakwai ina jin ka, tukuici, tukuici, ina cewa yau zai gane, gobe zai gane. Ashe kai ko al'adar ba ka iya ba."

Nagoda ya juyo. A zage shi a kan addini zai jure, amma a kan tukuici?

"Inna, ni ne ban iya tukuici ba?"

"Kai fa. Faɗa mini, in mai sarauta ya aiko maka da riga, sai ka ɗauki goro biyu ka nufi gidansa ka ce ga tukuici? Ai raini ne. Goronka ya rasa? Shi babba godiya ake yi masa, a sa rigar ya gani a jikinka, ya ji daɗi. Tukuici na wanda ya sha rana ya kawo ne. Ɗan aike ake ba. Kai kuwa ka tsallake ɗan aike kana ta tura wa Mai sama benci. Zama ya ce maka yana so ya yi?"

Nagoda ya ɗago kai ya dube ta.

"To Inna, wa ya kawo?"

"Oho. Ni ina na sani? Ban ga ranar da aka kawo maka taka kyautar ba." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ni dai da idona na ga wanda ya kawo ka."

Ta koma kan wakenta.

Nagoda ya ce daga baya, da ƙasa ta tsage a lokacin da ya shige, ƙafar ma ya bar ta a waje. Shi da ake kira sarkin tukuici, mai ƙosai ta kayar da shi a fagensa hannunta da ƙullu. Ya kwanta yana duban rufin ɗaki yana lissafa waɗanda aka aiko masa. Saratu da ta ja shi majami'a. Tsohon da ya huda takarda da sunansa. Ya yi ta kewaye-kewaye kamar akuya a turke don kada ya iso kan na ukun, amma igiya ba ta da tsawo.

Da la'asar Ogbonna ya yi sallama. Nagoda ya sa Saratu ta ɗauko masa randarsa, ƙarfen da yake goge katako da shi, ta Ingila, wadda ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba. Ya miƙa da hannu biyu.

"Ogbonna, ga wannan. Tukuici ne."

Ogbonna ya dubi randa, fuskarsa ta canza.

"Mene ne tukuici? Kana biya ni? Ni ɗan dako ne? Na ɗauke ka don ka faɗi, Allah ya ce mutum ya faɗi a ɗauke shi. Ajiye kayanka."

"Ba biya ba ne, al'ada ce. Wanda aka aiko..."

"Ba wanda ya aiko ni. Daga kanti na fito."

"Ka dai karɓi wani abu, don Allah. Kujera? Gado? In na tashi in yi maka kanta sabuwa?"

Ogbonna ya sunkuya ya gyara tsumman da ke ɗaure da ƙafar, ya daɗe yana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Sa'an nan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Immaculata, yarinyana, ya dawo makaranta yana kuka. Yara suna kiran shi 'yar Mai Ƙusar Kara. Kana so ka ba ni abu? Ba ni sunana."

Ranar ko sakwarar ma Nagoda bai iya ci ba. Gado da kujera ba su taɓa yi masa tsada ba, itace ne da gumi. Wannan kuwa daga jikinsa za a yanka.

Ya aika aka kira Malam Kailani, ya kwashe duka ya faɗa masa, har da maganar Inna. Tsohon ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Shekara bakwai ina wa'azi, mai ƙosai ta gama a zama ɗaya! Gaskiyarta. Allah bai rasa komai ba, mutanensa ne ke rasawa, su yake ƙauna, ta wurinsu ake gaishe shi. Amma ka ji ni da kyau, Nagoda, kada ka mai da wannan ma ciniki. Ko ka ba Ogbonna sunansa ko ba ka ba shi ba, kyautar taka ce, an riga an bayar. Ba saye za ka yi ba."

"Na ji, Malam. Amma in na sa rigar, ai sai a gan ta a jikina."

Ran Litinin ta makon Ista, kwana arba'in sun cika. Nagoda ya fito da sanda a hammata, Saratu na bin sa da guntun kirya da guduma da abin huji. Bai nufi rumfarsa ba, ya tsaya a tsakiyar layin kafintoci, daidai lokacin da kowa ya fito aiki. Ya aika a sayo ƙusa a kantin Ogbonna. Mutane suka taru, don tun ranar goyo ba a gan shi ba, kowa na so ya ga ko wuyan ya rage tsawo.

Ya huda kirya, ya kafa ƙusa, bugu uku ta shige har kai, a miƙe kamar sandar liman. Ya sake, ta shige. Ya ɗago.

"Kun gani? Ƙusar nan ita ce ta shekara uku da suka wuce, kantin ɗaya, buhun ɗaya. Ranar ƙofa ban huda ba. Na sani a lokacin, ba yau na gane ba. Kunya na ji, na ɗauki kunyata na jibga wa bawan Allah, ya yi shekara uku yana dakonta, sa'an nan ya zo ya yi dakon ni kaina. Ƙusar Ogbonna ƙarfe ce. In akwai kara a maganar nan, hannuna ne."

Sai wani magini daga baya ya ce, "To sannu, Hannun Kara!"

Layi ya fashe da dariya. Nagoda ya ji sunan ya sauka a kansa, ya san ya zauna ke nan har kabari, don shi ya san yadda irin sunan nan ke kamawa. Wuya ya fara miƙewa da kansa, halin gida. Sai ya hango Ogbonna a ƙofar kanti ya harɗe hannu yana kallonsa. Ya mayar da wuyan, ya ɗaga hannun sama yadda kowa zai gani, ya ce, "Na amsa."

Har yau haka ake kiransa. In baƙo ya tambayi dalili, shi da kansa yake ba da labarin, ya kuma fi ni ƙara masa gishiri.

Ran Lahadi babban fasto ya iso da kekensa. Rufi na nan rabi, ba wanda ya ƙarasa, kuma Nagoda bai ce a jira ba. Masu baftisma su shida suka jeru a gaba, a gefen da ba kwano, rana na dukan ƙeyarsu. Malam Kailani ya buɗe takarda ya kira sunan farko. Nagoda ya ɗingisa ya fito, sanda a hammata, hannu biyu ba komai. Ya yi ta neman inda zai sa su, ya sa a baya, ya sa a gaba, daga ƙarshe ya bar su a buɗe. Fasto ya ɗebi ruwa sau uku ya zuba masa a ka. Da aka zo Jibi, Saratu ta tashi, ta tsaya ta jira shi, suka tafi gaba a hankali, takunta biyu nasa ɗaya.

Ogbonna bai shiga ba, Fadansu, wato limamin cocinsu, ya hana su shiga majami'ar da ba tasu ba. Ya dawo daga tasu sujadar da fararen kaya, ya tsaya a waje jikin taga daga farko har ƙarshe. Da aka tashi, Nagoda ya fito ruwa na bin gemunsa, Ogbonna ya tare shi, ya leƙa kansa, ya leƙa ƙwaryar ruwan baftismar da ke hannun Malam Kailani.

"Shi ke nan? Shekara bakwai, ruwa bai cika ludayi ba?"

"Ni ma na zaci zai fi haka," in ji Nagoda. Ya shafa kansa, ya dubi jiƙaƙƙen tafinsa. "Amma ya isa."